Roƙon Arzikin da Muka Yi a Karshi

Ranar Talata ce, ta biyu a watan Nuwamba, shekara uku ke nan. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe muka tsaya a ƙofar gidan Hajiyar da ke sayar mana da man gyaɗa da tunkuza a Karshi. Mu uku ne a motar: ni, da yayata, da direban da muke ɗauka haya duk ranar sari. A cikin gidan akwai Hajiya da mata bakwai masu aiki. Na ƙidaya su, domin abin da ya kawo ni ke nan.

Ni da Yaya muna da ɗan shago a Utako, bayan tashar mota. Muna yin ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu, mu zuba a leda da kwalba, mu kai kantuna. Mata huɗu ke mana aiki. Yaya ce ta san wuta da gishiri. Ni kuwa, tun da na bar karanta labarai a gidan rediyo, aka bar mini takardu da amsa waya.

A daminar wannan shekarar wani babban kanti da muke so ya riƙa karɓar kayanmu ya aiko mana da fom. A ciki akwai shafi guda da ke neman mu rubuta alkawari cewa babu bauta ko aikin tilas a sana'armu, har da wuraren da muke saro kaya. Yaya ta ce in sa hannu kawai.

"Bauta a Utako? Wa muka ɗaure? Waɗannan matan da ke mayar mini da magana kafin in rufe baki?"

Na ce shagonmu na sani, amma ban san bayan gidan kowa ba, kuma ba na son sa hannu a kan abin da ban gani ba. Na zauna na rubuta namu alkawarin da Hausa, layi huɗu. Ba wanda zai yi mana aiki sai da yardarsa. Duk wanda ya so tafiya zai tafi, ba a riƙe masa kaya ko kati ko waya. Haƙƙin ma'aikaci a hannunsa ake ba shi. In muka ga saɓanin haka a wurin wanda muke ciniki da shi, za mu kai magana hukuma, mu daina saye.

Muka buga, muka manna a bangon shago. Sannan na ce sai an bi duk inda muke sari an karanta da baki, tunda takarda a bango ba ta amfanar wanda bai yi karatu ba. Wurin mai barkono an saurara an ce amin, kamar addu'a na yi. Wurin mai gero an tambaye ni ko zaɓe ne ya matso. Karshi ce ta ƙarshe.

Dole in faɗi wace ce Hajiya a wurinmu. Shekara shida muna ciniki, ba ta taɓa gauraya mana mai da wani abu ba. Da mijin Yaya ya rasu, ta bar injin matsar manta ta zo ta kwana uku tare da mu, ita ce a gaban tukunya tun asuba. Da ɗana ya yi aure, ita ta kawo man da aka soya cincin. Idan ta ga Yaya, "'yar uwa" take ce mata. Ni kuma "'yar boko".

Ranar ma haka ta tarbe mu. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, ta sa aka kawo kunun aya mai sanyi. Da na faɗi abin da ke tafe da ni ta yi dariya har tana riƙe gwiwa.

"Yau 'yar boko ta zo mana da wa'azi. Ku taho, ku taho, ku ji rediyo kyauta, ba batir."

Mata shida suka bar tsintar gyaɗa da mulmula ƙuli suka zo suka zauna. Ta bakwai tana can gefen katanga a gaban kasko, tana suya. Gyaɗar da ke kan wuta ba a barinta.

"Ke, ci gaba da aikinki," in ji Hajiya. "Kunnenki ai ba a cikin kasko yake ba."

Na karanta a hankali. Tun da muka shigo gidan akwai ƙarar muciya a cikin kasko, shaa, shaa, ba yankewa, har kunne ya daina jinta. Da na kai layi na biyu sai ƙarar ta tsaya. Wanda ya yi aiki a ɗakin watsa labarai yana jin shiru kafin kowa. Ban ɗaga kai ba, na ƙarasa. Kafin in naɗe takardar ƙaurin gyaɗa ya iso mu.

"Ke! Za ki ƙona mini buhu guda?"

Ƙarar ta dawo.

Bayan haka Yaya da Hajiya suka shiga ɗakin ajiya auna tunkuza. Ni na fita wajen mota don in ga an jera jarkoki yadda ba za su tuntsure ba. A gidan Hajiya baƙo ba ya ɗaukar kayansa da kansa, kuma kullum mai suyar nan ce ke fito mana da jarka a ka. Shekara nawa tana yi, ban taɓa kallon fuskarta da kyau ba. Ranar na kalla. Za ta kai shekara talatin da biyar. Siririya ce, duk hannuwanta tabon ƙuna ne, tsoho da sabo.

Ta sauke jarka ta farko ta koma. Ta sauke ta biyu ta tsaya tana gyara gammo.

"Anti," ta ce, ba ta dube ni ba, "maganar nan da kika karanta, har da irina?"

Na ce har da kowa.

"To ni shekarata huɗu ban wuce inda motar nan take ba."

Ta faɗi sauran da sauri, idonta a kan ƙofa. Daga wani ƙauye take a ƙasar Katsina. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Wata dillaliya ta ce akwai aikin wata shida a Abuja, sai ta bar yaran wurin mahaifiyarta ta biyo ta. Ranar da ta iso Hajiya ta karɓi wayarta da katinta na ɗan ƙasa ta ce za ta adana mata. Sauran matan 'yan gari ne, da la'asar suke tafiya gidajensu. Ita a ɗakin ajiya take kwana, ana rufe ƙofar gida da kwaɗo. Duk lokacin da ta yi zancen gida sai a ce bayan kaka, in kaka ta wuce a ce bayan Sallah. Ko sisi ba ta taɓa riƙewa ba.

"Ki ara mini wayarki in ji muryar gida. Na haddace lambar ƙanena."

Na miƙa mata. Ta ce in danna da kaina, hannunta da mai. Ta karanto lambar ba gargada, irin ta wanda ke maimaita abu kullum kafin barci. Aka ɗauka. Ta juya mini baya ta durƙusa a gefen taya.

Ba ta kai minti ɗaya ba. Na ji ta ce, "Ni ce." Na ji ihun namiji daga cikin wayar. Na ji ta ce, "Yaran fa?" Sannan, "Inna fa?" Daga nan sai ta dafe wayar a kunne da hannu biyu.

Muryar Hajiya ta fito daga cikin gida: "Ke! Jarka ce ta haɗiye ki?"

Ta miƙe, ta goge wayar da haɓar zaninta, ta ba ni da hannu biyu.

"Innata tana kwance tun damina. Wai ni take kira." Ta ɗora gammo a ka. "Anti, don girman Allah kada ta ji na yi magana."

Direbanmu, wanda ke zaune a gaba yana jin komai, ya leƙo ta taga. Dattijo ne, Hausarsa ta tasha ce.

"Madam, buɗe ƙofa ya shiga mu tafi. Mota nawa ne, ba na Hajiya ba."

Na tuna Yaya tana ciki. Na tuna katin matar da jakarta suna ciki. Na tuna kunun ayar da na sha. Na ce mata ta yi haƙuri, zan dawo, ba zan bar maganar ba.

Ta ce, "To."

Ban gaya wa Yaya ba sai da muka wuce Orozo. Ta yi ta salati har Jikwoyi. Na ce takardarmu ta faɗi abin yi, gobe da safe mu je ofishin hukumar da ke yaƙi da fataucin mutane.

"Ki kai wa matar da ta kwana uku a zaman makokina jami'ai? Su shiga gidanta da takalmi, unguwa ta taru?"

"Mun rubuta, Yaya."

"Ke kika rubuta. Auta, ba a haura katangar gidan da ake buɗe maka ƙofa. Mutuniyar kirki ce, wataƙila ba ta ɗauki abin komai ba. Mu je mu roƙi arziki. In ta ga fuskata ba za ta hana ni ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Direba ya ce, "Wannan wada ɗin yana da makulli fa."

Yaya ta ce ya kalli titi.

Ba zan ɗora wa Yaya ita kaɗai ba. Shawarar ta yi mini daɗi. Haka muka ga ana yi tun muna yara: in wani ya riƙe abin da ba nasa ba, manya su je da goro su ba shi girmansa, ya saki, kowa ya tashi da mutuncinsa. Kuma ni ma ba na son ranar da zan haɗa ido da Hajiya a gaban jami'i. Na tuna abin da matar ta roƙe ni, sai muka shirya cewa ba za mu ce ita ta yi magana ba. Za mu ce ƙanenta ne ya neme mu a waya ya ce uwarsu ba lafiya. Muka ga dabarar ta yi.

Ranar Alhamis muka koma, ba ranar sari ba. Muka tafi da turmin atamfa, da ƙwaryar goro, da katan ɗin sabulu. Hajiya ta ga kayan ta ce, "Lafiya? Ko aurena za ku nema wa wani?"

Aka yi dariya. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Yaya ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ta yi wa sa'arta ba.

"'Yar uwa, arziki muka zo roƙa. Yarinyar nan mai suya, uwarta na kwance. Ƙanenta ya kira mu yana kuka. Ki taimaka ta je ta gan ta."

Hajiya ta ɗauki goro ɗaya ta juya shi a hannu.

"Allah sarki. Allah ya ba ta lafiya." Ta ajiye goron. "A ina ya samu lambarku?"

Ba mu shirya wa wannan ba. Yaya ta dube ni. Na ce lambarmu tana jikin ledar ƙuli-ƙuli, kayanmu kuma suna zuwa ko'ina.

"Haka ne," in ji Hajiya. "Kaya suna tafiya."

Ta juya ta kalli gefen katanga. Mai suyar tana gaban kasko. Ba ta ɗago ba, muciyar ma ba ta tsaya ba.

Sannan Hajiya ta yi magana mai tsawo, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ce wannan ba 'yar aiki ba ce, 'ya ce. Ta zo ba ta da zanin kirki, ita ta tufatar da ita. Abin da ta ci shi take ci. Nan Abuja ce, in ta saki bazawara da waya ta lalace, wa za a tambaya? Haƙƙinta kuwa tara mata take yi, don in ta tashi tafiya ta tafi da abin kama sana'a. Na lura ta yarda da abin da take faɗa, ko aƙalla da rabinsa.

"Amma kun fi ƙarfin wannan a wurina," ta ce. "Ki tashi daga ƙasa, 'yar uwa, kina ba ni kunya. Ku ba ni kwana bakwai in haɗa mata sha tara ta arziki. Ba zan mayar da ita gaban uwarta hannu rabbana ba. Alhamis ta sama ku zo, ku za ku kai ta tasha da kanku."

Yaya ta share hawaye. Muka yi godiya har sau uku. Hajiya ta cika mana galan da mai ta ce tukuici ne. Wata daga cikin 'yan garin ce ta ɗauko galan ɗin zuwa mota. Na ga haka. Na ce a raina ai galan ba nauyi, shi ya sa.

A hanya Yaya ta ce, "Kin gani? Da takardarki muka bi, da yanzu an ɓata shekara shida."

Da yamma na kira ƙanen. Na ce nan da kwana bakwai, in Allah ya so, zan sa yayarsa a motar Katsina daga Utako. Ya yi ta sa mini albarka har kuɗin wayata ya kusa ƙarewa. Ya ce bari ya kara wa Inna wayar a kunne. Ban ji kalmominta sosai ba, numfashi ya fi yawa. Ya ce cewa take a gyara ɗaki.

Alhamis ta zagayo. Muka isa ƙarfe tara. Na sayi burodi da lemo na hanya, Yaya ta ƙulla ƙuli-ƙuli leda biyu don yaran. Tun daga zaure na ji ƙarar muciya, na kuma ji ba hannunta ba ne. Wannan da sauri-sauri take, tana bugun gefen kasko.

Hajiya ta fito tana tafa hannu.

"Ai kun ga halin 'yan yau. Ta tafi. Na ce ta jira ku, ta ce ita ba gida za ta ba, ta samu wani aiki a Masaka. Na haɗa mata kayanta na ce Allah ya kiyaye. Ba ku ne kuka karanta cewa wanda ya so tafiya ya tafi ba?"

Yaya ta tambayi wane gida a Masaka. Hajiya ta ce ba ta faɗa ba. Yaya ta tsaya tana kallonta, ledar ƙulin a hannu. Ba ta zauna a tabarmar ba, ba ta sha ruwan ba. Ta ce, "Sai anjima, Hajiya." Ban sake jin ta ce mata 'yar uwa ba.

A waje muka tarar direba ya riga ya yi nasa binciken wurin mai shagon da ke kallon gidan. Washegarin zuwanmu, ranar Juma'a da hantsi, wata mota ta tsaya a ƙofar. Wata mata mai jiki ta shiga gidan, ta fito da mai suyar riƙe da jaka. Ba ta yi wa kowa sallama ba.

"Na ce ku buɗe ƙofa," in ji direba. Sau ɗaya ya faɗa, bai ƙara ba har muka shigo gari.

Ba mu biya shago ba, ofishin hukumar muka wuce. Wata jami'a ta karɓe mu, ta ba mu kujeru, ta rubuta komai. Ta tambayi yaushe muka fara sani. Na ce yau kwana tara. Ta tambayi ko wadda ta riƙe matar ta san an yi magana. Na ce mu muka je muka gaya mata, da goro. Ta ɗaga kai ta dube mu, ta mayar da kanta ga takarda ta rubuta.

Sun je gidan a cikin satin. Bayan kwanaki jami'ar ta kira ni in duba wani abu. Katin ɗan ƙasa ne da wata tsohuwar waya, an same su a durowar Hajiya. Ta ce, "Ita ce?" Na ce ita ce. A hoton fuskarta a cike take. Ranar na fara sanin sunanta. Hajiya ta ce mantuwa aka yi wajen haɗa kaya. Dillaliyar kuma lambarta ta daina shiga.

Ni da Yaya mun je Masaka sau biyar. Muna sauka a bakin titi mu shiga lunguna muna bin ƙamshin suya. Duk inda muka ji ana soya gyaɗa sai mu yi sallama mu ce masu sari ne, mu leƙa gaban kasko. Mun ga mata da yawa masu tabon ƙuna a hannu. Wata ta ce mu gwada Mararaba, wata ta ce Keffi. Ba mu ma da tabbacin cewa Masakar gaskiya ce. A zuwa na biyar ƙafar Yaya ta kumbura, muka zauna a bencin wani mai lemo. Ta ce, "Mai suyar nan ta ce kada Hajiya ta ji, ko?" Na ce haka ta ce.

Mun daina saye a Karshi tun daga ranar. Wata biyu muna neman mai irin na Hajiya ba mu samu ba, masu sayen ƙulinmu suka ce ya canja. Babban kantin nan ya karɓi fom ɗinmu, manajan har ya ce namu ya fi na kowa tsari.

Takardar tana nan a bangon shago, amma yanzu layi biyar ce. Yaya ce ta faɗi na biyar ɗin, ni na rubuta kawai: duk wanda ya gaya mana an riƙe shi, ba za mu kai maganarsa ga wanda ya riƙe shi ba, kuma ba za mu kwana da ita ba. Idan za mu je wurin sari ba ma aika saƙo tukuna. Ba ma shan ruwa sai an gama karatu. In an gama, kowace ma'aikaciya ita kaɗai take rako ni zuwa mota, ɗaya bayan ɗaya, ko da ba abin da za ta ɗauka. Masu gida biyu sun ji haushin wannan sun ce mu nemi wani wurin. Mun nema.

Mahaifiyar mai suyar ta rasu a ƙarshen watan Janairu. Ƙanen ne ya kira ya gaya mini, ya ce yaran suna hannun matarsa. Tun daga lokacin yakan kira ni Juma'ar farko ta kowane wata, mu gaisa, ya tambaya, in ce babu labari tukuna. Ni kuma ranar Litinin in kira jami'ar. Katin da wayar suna cikin fayil a ofishinta. Har yau ba a same ta ba.